Darasi: Kwano Nawa Gidanka Yake Ci a Shekara?

Duk wanda ya zauna a Zurgu, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Rano da Kibiya, ya san yadda gari yake a watan Nuwamba. An karya masara, dawa ta bushe tana jiran yanka, ana roron wake, amalanke da babura sai jigila suke daga gona zuwa gida. Kuɗi sun shigo hannu. A wannan lokaci ne tela ba ya barci, mai shago yake buɗe littafin bashi, iyayen amare suke sa rana. To ku dawo garin nan a watan Yuli ko Agusta, sa'ad da shuka ta yi kore shar amma babu abin da ya nuna. Za ku tarar da magidancin da ya fitar da buhu goma a kaka yana tsaye gaban mai awo yana neman kwano ɗaya, kuma sau da yawa a farashin da ya fi wanda ya sayar da nasa.

Wannan magidanci ba rago ba ne. Ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma da maimai, ya sha rana. Abin da ya same shi shi ne kuɗin manomi sau ɗaya suke shigowa a shekara, amma kullum sai sun fita. A wannan darasi za mu koyi yadda ake raba abin da ya shigo sau ɗaya ya isa wata goma sha biyu, da yadda ake gane abin da gida yake buƙata daga abin da ido kawai ya gani ya so.

Tsimi, rowa da wadatar zuci

Kafin mu shiga lissafi, mu bambanta kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Rowa ita ce mutum ya hana abin da ya wajaba ya bayar alhali yana da shi: yaro yana zazzaɓi, kuɗin magani suna aljihu, amma ya ce a jiƙa masa sassaƙe. Tsimi kuwa shi ne a kashe inda ya dace, gwargwadon da ya dace, a ajiye saura. Wadatar zuci ita ce ke ba mutum ƙarfin yin tsimin, domin wanda zuciyarsa take kan abin da maƙwabcinsa ya saya ba zai iya riƙe kwabo ba. Addininmu ya yi hani da almubazzaranci, ya kuma yi hani da ƙanƙamo, ya umurce mu da tsakaitawa.

A ƙasashen da suka ci gaba, irin su Amurka da Japan, an daɗe ana yayin wata ɗabi'a ta rage tarkace. Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a duniya da littafin da ta fitar a 2011, inda take koya wa mutane su fitar da duk kayan da ba sa amfani da su. Su damuwarsu ita ce kaya sun yi musu yawa har ɗaki ya kasa ɗauka. Tamu ta bambanta. A Zurgu ba a cika samun gidan da zai zubar da kujera don ta yi yawa ba. Amma tambayar da ke ƙasan abin iri ɗaya ce: wannan da zan saya, don amfanina ne ko don a gani?

Kuma ba sai mun je Japan neman misali ba. Malam Aminu Kano ya yi minista a gwamnatin tarayya, ya jagoranci jam'iyyun NEPU da PRP, ya yi takarar shugabancin ƙasa a 1979, amma a gidansa na Mumbayya da ke Gwammaja ya zauna, da fararen kayansa marasa ado, har ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 bai bar wata dukiya ba. Gidan nan yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Da ya so tarawa da ya tara. Ina kawo shi ne don masu jin cewa sauƙaƙa rayuwa alamar gazawa ce su ga mutumin da ya zaɓe ta da kansa, kuma har yau ana ambatonsa da girmamawa.

Lissafin rumbu

Na sha tambayar magidanta a aji: kwano nawa gidanka yake ci a rana? Kaɗan ne ke amsawa kai tsaye. Galibi sai mutum ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan sai an tambayi uwargida." Gaskiya ya faɗa, kuma aikin farko ke nan. Mace ce ke ɗiba, ita ce ke kai niƙa, ita ta san ranar da tuwo ya yi saura da ranar da bai kai ba. Maigidan da ya yanke shawarar sayar da hatsi bai tambayi mai ɗiba ba, da ka ya yi lissafinsa.

Mu ɗauki misali, kowa kuma ya sa adadin gidansa a madadin wannan. A ce uwargida ta ce, "Maigida, kwano biyu muke ɗiba kullum, ranar da aka yi baƙi kuwa uku." Kwano 2 sau kwana 30 ya ba mu kwano 60 a wata. A awon Kano ana lissafin kwano 40 a babban buhu, saboda haka gidan nan yana cin buhu ɗaya da rabi kowane wata. Sau wata 12 ya zama kwano 720, wato buhu 18. Sai a ƙara buhu 2 saboda baƙi, da sadaka, da kunun azumi, da irin shuka na baɗi. Buhu 20 ke nan.

Yanzu a ce Allah ya ba wannan magidanci buhu 30. Noman damina ne, don haka zakkarsa ɗaya cikin goma ce, buhu 3. Da noman rani ne da aka shayar da inji, da ɗaya cikin ashirin ce. Saura buhu 27. A cire 20 na ci, abin da ya rage buhu 7. Waɗannan bakwai su ne kaɗai yake da ikon kai wa kasuwa. Duk buhun da ya sayar bayan na bakwai, abincin 'ya'yansa na damina ya sayar, kuma zai sake sayensa daga hannun wani.

Ku lura da abin da lissafin nan ya yi. Kafin a yi shi, mutumin yana ganin buhu 30 a jibge, zuciyarsa tana gaya masa shi mai arziki ne bana. Bayan an yi shi, ya san buhu 7 ne da shi. A kan bakwai ɗin zai auna ɗinkin Sallah, da gyaran katanga, da takin baɗi, da gudummawar biki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai hikima a yadda kakanninmu suke zuba dawa da gero a rumbu da daminsu, ba tare da sussuka ba. Labarin Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ya ba mutanen Masar shawarar su adana hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa. Hatsi a zangarniya ya fi jimirin ajiya. Sannan akwai wani amfanin da na lura da shi: dami ba ya fita da sauri. Kafin a hau rumbu, a sauko da shi, a sussuka, a sheƙa, a auna, zafin sha'awar da ta taso ya huce. Buhu kuwa yana jingine a zaure, babur ɗaya ne tsakaninsa da kasuwa. Idan a buhu kake ajiya, ka ware na ci a ɗaki dabam, ka ba uwargida mabuɗin.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani, domin ƙwari kan mayar da shi gari cikin 'yan watanni, shi ya sa manoma da yawa ke gaggawar rabuwa da shi da araha. Tun daga 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira tare da masu bincike na Afirka. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu ɗaya a waje. Idan waken ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowane ruɓi dabam, ƙwarin da ke ciki sukan mutu don rashin iska, ba tare da an zuba maganin da zai cutar da mai ci ba. Kuɗin buhun bai kai asarar kwano kaɗan na wake ba.

A nan dole in ja kunne. Ajiyar da nake magana a kanta ta ci ce. Wanda ya tara hatsi don jiran tsada yana iya cin riba, yana iya faɗuwa. A 2024 farashi ya yi ta hawa, har a watan Fabrairu hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A watan Yuli na shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, a 2025 kuma farashin masara da dawa ya sauko ƙwarai, waɗanda suka tara da tsada suka tafka asara. Amma mai buhu 20 na ci ko a jikinsa. Hawa ko sauka, tuwonsa na dare yana nan.

Ƙananan ƙofofi

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, komai ya canja. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000. Kuɗin mota ya tashi, niƙa ya tashi, taki ya tashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari, ma'ana cefanen da aka yi da naira 1,000 a Yunin 2023 sai da kusan 1,400 bayan shekara guda. Wannan ba laifin talaka ba ne, kuma tsimi ba zai sauko da farashin fetur ba. Abin da ke hannunmu shi ne ƙofofin da kuɗi ke zurarewa a cikin gidanmu.

Manyan kashe-kashe kowa yana tunawa da su. Ƙananan ne ke wucewa ba a sani ba. Naira 200 a rana, ko ta lemon kwalba ce, ko ta katin waya don kallon bidiyo, ko ta goron da ya wuce ƙima, ta zama 6,000 a wata, 72,000 a shekara. Wannan ya fi mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wanda aka tsayar a kan naira 70,000 a watan Yuli 2024. Ban ce kada mutum ya sha shayi a majalisa ba, domin zumunci ma buƙata ce. Cewa na yi ya san nawa abin yake ci masa a shekara, sannan ya yanke hukunci da idonsa biyu.

Haka sayen ƙulli-ƙulli. Sukari na hamsin, omo na ɗari, mai na ɗari biyu, kullum sai an aiki yaro shago. Mai ƙullawa dole ya ci ribarsa, ya kuma fitar da kuɗin leda. Ku gwada da kanku: ku tara kuɗin ƙullin sukari na mako guda, ku kwatanta da farashin rabin kwano ranar kasuwa. Na san ba kowa ke da kuɗin saye a dunƙule ba, to amma gida uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi kwano ko galan su raba. Cirar kuɗi wajen mai POS ma haka take: wanda ya cira sau biyar a mako ya biya caji sau biyar.

Sai abin miya. Ƙasarmu ta ba mu kuka, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da zogale, da kalwar da ake daddawa. Bunkure da Kura da Kadawa ba su da nisa da mu, kuma ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke sa tumatir da attaruhu su cika kasuwa da rani har su yi araha. Matar da ta yanka ta shanya kauɗa a lokacin, ba za ta sayi tumatirin leda da damina ba. Bishiyar zogale biyu a bayan ɗaki, da ruwan wanke-wanke kawai, suna ba gida ganye kusan duk shekara.

Gyara ma tsimi ne. Tun a tarihin Hausa Bakwai ana kiran Kano da Rano sarakunan baba, saboda rini. A da, rigar da ta koɗe ba a yar da ita, marina ake mayar da ita a yi mata turi, a kai wa masu bugu, ta dawo tana sheƙi. Ƙwaryar da ta tsage gyartai ke ɗinke ta. Yau ma akwai mai gyaran takalmi, da mai walda, da mai gyaran waya. Sai dai a kula: araha ba ta ado. Bokitin roba mai rauni da za a sake saya sau uku a shekara ya fi mai ƙwari guda ɗaya tsada.

Akwai kuma inda ba a rage wa ko kwabo: maganin mara lafiya, awon ciki, littafi da alƙalamin ɗan makaranta, abincin da ke gina jikin yaro, da iri mai kyau da taki. Duk abin da aka tsimi daga wasu wurare, nan ya kamata ya tafi.

Biki

Na bar wannan sai yanzu domin shi ne ya fi ciwo, kuma shi ne aka fi jin nauyin faɗa. Abin da ya fi cinye buhunan kaka a ƙauyukanmu aure ne. Ango yana fama da akwatunan lefe. Uban amarya, wanda nauyinsa ya fi, yana fama da gado da katifa da kujeru da kayan jere, ga gara tana jiransa, bayan shekara kuma ga kayan suna. Mata suna fama da anko, wani lokaci kala biyu ko uku a biki ɗaya, atamfar da ba za a sake ɗaurawa ba sai jefi-jefi. Na ga gidan da aka sayar da shanun huɗa don a cika ɗakin amarya, da damina ta faɗi sai haya aka koma yi. Na ga wanda aka jinginar da gona.

In ka tambayi uban me ya sa, amsar ɗaya ce: "Kada a raina 'yata a gidan miji." Wannan tsoro na gaskiya ne, ban raina shi ba, domin akwai dangin miji masu leƙa ɗaki su ƙirga kwanuka. Shi ya sa mutum ɗaya ba zai iya karya al'adar nan shi kaɗai ba. Amma iyayen ɓangare biyu suna iya zama tun kafin sa rana su yi magana a fili: akwati kaza, kayan ɗaki kaza, anko ɗaya ko babu. Idan liman da mai unguwa da dagaci suka goyi bayan irin wannan, kuma masu hali suka fara da 'ya'yansu, talaka zai samu inda zai fake. A watan Oktoba 2023 gwamnatin Kano, ta hannun Hukumar Hisbah, ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata, da sadaki da gado da katifa da 'yan kayan buƙata. Dalilin shirin shi ne tsadar aure ta hana mutane da yawa yinsa. Kuma waɗannan aurarraki sun ɗauru, babu wanda ya ce ba su cika ba don ba a kai akwati goma sha biyu ba.

Da za a ba amarya zaɓi tsakanin kujerun da za a lulluɓe da zane da tunkiya biyu da keken ɗinki, a ganina na biyun ya fi tsare mata mutunci bayan shekara uku.

Bashi da adashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ranci kuɗin taki da wanda ya ranci kuɗin anko: na farko gona za ta taya shi biya, na biyu ba mai taya shi. Mafi haɗari shi ne wanda ake kira ba-da-kaka, inda manomi zai karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da buhu in an girbe, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Wanda ya shiga wannan, kakarsa ta baɗi ta ragu tun kafin ya yi shuka, sai ya sake komawa da damina mai zuwa. Lissafin rumbun da muka yi a sama shi ne babbar hanyar kauce masa.

Adashi kuwa tsohuwar dabara ce mai kyau, kuma mata sun fi mu iya ta. Abu biyu za a kiyaye. A zaɓi uwar adashi mai amana, a rubuta kowane zubi a littafi, ga shi yanzu kun iya rubutu. Sannan tun ranar da aka fara a san abin da za a yi da kwasar. Manomi ya nemi tasa ta faɗo gab da damina, lokacin sayen taki. Mai ƙuli-ƙuli ta nemi tata ta faɗo da kaka, lokacin da gyaɗa take araha. Kwasar da ta zo ba a shirya mata aiki ba, a kasuwa take ƙarewa rana ɗaya.

Aiki

1. Ka zauna da mai ɗibar hatsi a gidanku, ko ke da maigida, ku rubuta kwano nawa ake ci a rana. Ku lissafa na wata, da na shekara, ku mayar da shi buhu.

2. Gida yana cin kwano 3 a rana, ya girbe buhu 40 a noman damina. Bayan an fitar da zakka, an ware na ci da buhu 2 na ƙari, buhu nawa ya rage na sayarwa?

3. Ku tattauna a aji: a bikin ƙarshe da aka yi a unguwarku, waɗanne kashe-kashe ne da an bar su auren ba zai ragu da komai ba? Kada a ambaci sunan kowa.

4. Ka ja layi biyu a shafin littafinka, ya zama gida uku: rana, abin da na saya, nawa na biya. Daga gobe har kwana bakwai ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, ko da na naira 20 ne. Ka zo da shafin aji mako mai zuwa, za mu tara jimillarsa tare, mu ninka ta sau 52.